Abin da jagorancin masu fatsa ke koyarwa a kogunan Montana

Baƙon da ya ɗauki jagora na yini guda a kogin Madison ko Bighorn, a jihar Montana ta Amurka, yawanci hankalinsa yana kan nisan jifa, yana so ya cilla zarensa ƙafa 60. Ba nan gizo ke saƙar ba. Kifin turawut, kifin ruwan sanyi da ake nema a waɗannan koguna, ƙwarin da ruwa ya kwaso yake ci, kuma ƙwaron gaske da gudun ruwa yake tafiya. Ƙwaron bogi, wanda ake ɗaurawa da gashin tsuntsu da zare a jikin ƙugiya, in ya ɗara ruwan sauri ko da kaɗan, kifin zai taso ya duba, ya koma abinsa. Jifar ƙafa 25 zuwa 30 ta wadatar in ƙwaron ya tafi daidai.

Matsalar daga zaren take. Tsakiyar kogi ya fi bakin gaɓa gudu, to zaren da ke kwance a tsakani sai ya yi ciki, ya fizgi ƙwaron. Maganinsa, da zarar zare ya sauka a ɗaga kan sandar, a karkata wuyan hannu a mayar da cikin zaren ta inda ruwa ke fitowa, ba tare da ƙwaron ya motsa ba. Sabon hannu ko ya makara, ko ya yi da ƙarfi har ƙwaron ya yi tsalle. Wannan ya kamata a koya wa baƙo a bakin ruwa tun ba a shiga jirgi ba.

Sauran aikin na mai tuƙi ne. Yana zaune a tsakiya, masunci ɗaya a gaba ɗaya a baya, yana fuskantar inda ruwa ya nufa amma yana tuƙi da baya, don jirgin ya daidaita da gudun layin da ƙwaron ke bi. Umarninsa gajere ne, yana nuna wajen jifa da lissafin agogo, gaban jirgi ne ƙarfe 12: "ƙarfe goma, ƙafa 20". Dogon bayani sai jirgi ya wuce kifin.

Kayan ba su da yawa. Sanda mai ƙafa 9, lamba 5 a ma'aunin nauyin zaren da take cillawa, ko lamba 6 ranar da ake iska, kuma Madison ba ya rabo da iska. Siririn zaren gaba, wanda ake ɗaura ƙugiya a bakinsa, ƙafa 9, lambar kaurin bakin 4X ko 5X. Kaurin 5X inci 0.006 ne kacal, saboda haka ƙulli ɗaya da ya shiga wajen jifa ya isa ya tsinke shi a bakin babban kifi. A riƙa shafa shi da yatsa ana dubawa. Idan ana farautar kifin da ke cin tsutsa a ƙasa, tsakanin alamar da ke yawo a sama da ƙugiya ya kai zurfin ruwan sau ɗaya da rabi. Wanda ƙugiyarsa ba ta taɓa dutse jefi-jefi, bai kai inda kifi yake ba, ya ƙara dalma.

A ganina na'urar auna zafin ruwa ta fi akwatin ƙwari muhimmanci a Yuli da Agusta. Ruwa in ya haura digiri 20 a ma'aunin Salshiyas iskar numfashi ta ragu a cikinsa, kifin da aka wahalar zai iya mutuwa ko da an sake shi yana iyo. Hukumar kifi da namun daji ta Montana kan hana kamun kifi daga ƙarfe 2 na rana zuwa tsakar dare a kogin da zafinsa ya kai kusan digiri 23 kwana uku a jere. Shi ya sa ake fita da asuba, ko a koma Bighorn a ƙasan madatsar Yellowtail, inda ruwan ke fitowa da sanyi daga ƙasan tafki. A danne ƙayar ƙugiya da filaya, a jawo kifin da wuri, a jiƙa hannu kafin a taɓa shi, a cire ƙugiyar yana cikin koma a ruwa.