Mai gadin fayiloli bai san ka gama ba

Duk wanda ya rubuta manhajar yanar gizo da Django ko Flask ko Node ya san daɗin abin. Ka gyara layi ɗaya, ka adana, kafin ka juya wurin burauza manhajar ta mutu ta sake tashi da sabon gyaran. Shi ya sa da yawa, da zarar sun ɗora aikinsu kan sabar, sai su nemi kunna wannan daɗin a can ma. Darasin da aikin nan ke koyarwa, galibi bayan an sha wuya, shi ne: abin da ke gadin fayiloli don ya sake tayar da manhajar ya san an taɓa fayil, amma bai san ko ka gama ba.

Gadin iri biyu ne. Akwai na leƙe-leƙe, kamar na runserver, sabar gwajin Django, wanda duk daƙiƙa ɗaya yake duba lokacin da aka taɓa kowane fayil. Akwai kuma na jiran sanarwa, inda Linux da kanta ke shaida wa manhajar ta hanyar inotify, tsarinta na sanar da canjin fayil, wanda ya shigo tun 2005. Na biyun ba ya wahalar da kwamfuta, amma yana da iyaka. Tsofaffin tsare-tsare sun ƙayyade max_user_watches, wato yawan abubuwan da za a iya gadi, a 8192, kuma foldar node_modules, inda Node ke tara kayan da manhaja ke dogaro da su, ita kaɗai tana iya cinye su. Sai ka ga kuskuren ENOSPC, mai nufin babu sauran fili, ka ɗauka faifai ne ya cika, alhali fili na nan birjik. Haka kuma sanarwar ba ta tsallakowa idan canjin ya faru daga wata na'ura ta NFS, hanyar raba folda tsakanin kwamfutoci, ko daga ɓangaren Windows kana aiki cikin WSL2, wato Linux da ke gudana cikin Windows. A nan sai a koma leƙe, misali da zaɓin -L na nodemon, mai gadin fayiloli na Node.

Waɗannan duk ƙananan ciwon kai ne. Babban yana zuwa ne ranar ɗora sabon aiki.

A ce kana tura fayiloli 40 ta SFTP a kan layin da ke tafiyar hawainiya. views.py ya isa, yana kiran wani sabon aiki da ke cikin utils.py, shi kuwa utils.py yana can baya a layi. Mai gadi ya ga canji, ya kashe manhajar, ya tashe ta. Python ta ce ImportError, manhajar ta faɗi, Nginx, sabar da ke gaban manhajar, ya fara miƙa wa mutane kuskuren 502. Mafi muni ma shi ne ta tashi lafiya da rabin sabo rabin tsoho, tana neman ginshiƙi a rumbun bayanai wanda ba a riga an ƙirƙira ba. Wanda ke tsakiyar biyan kuɗi a lokacin kuwa an yanke masa hanya, domin irin wannan tashin ba lallai ya jira buƙatun da ke hannu ba. Ƙara jinkiri, kamar da --delay na nodemon, yana rage abin, amma caca ce kawai, ba ka san daƙiƙa nawa turawar za ta ci yau ba.

Akwai kuma wanda manhajar ke jawo wa kanta. Nodemon yana gadin fayilolin json tun asali. Idan manhajar na rubuta wani json cikin foldar da ake gadi lokacin tashi, za ta yi ta kashe kanta tana farkawa har sai an sa --ignore don a cire fayil ɗin daga gadi.

Maganin shi ne kai ka riƙe ƙararrawar sake tayar da manhajar. Kowane sabon aiki a zuba shi cikin sabuwar folda, a girka abubuwan da yake buƙata, a gyara rumbun bayanai, sannan a juya mahaɗin current, wanda sabar ke bi zuwa foldar aiki, ya nuna sabuwar foldar. A yi juyin da mv -T, domin sauya suna a Linux taki ɗaya ne, babu tsaka-tsaki. Sai a ƙarshe a buga ƙararrawa. A mod_wsgi, mai gudanar da manhajar Python a sabar Apache, taɓa fayil ɗin wsgi da umarnin touch ya isa, amma sai in yana yanayin daemon, inda manhajar ke gudana daban da Apache. A yanayin embedded, inda take gudana cikin Apache, sauran fayilolin da aka riga aka loda ba za su sabunta ba. A sauran sabobin manhaja, Passenger na kallon tmp/restart.txt, uWSGI na da touch-reload. Har yanzu gadin fayil ne, sai dai fayil ɗaya tak, kuma ba ya motsi sai ka ce an gama.

Gunicorn kuwa, wata sabar manhajar Python, sigina HUP ake aika masa: ya tayar da sababbin ma'aikata, wato kwafin manhajar masu amsa buƙatu, ya bar tsofaffin su ƙarasa abin da ke hannunsu, har daƙiƙa 30 in ba a canza ba. A kula da --preload. Idan an kunna shi, uwar ma'aikatan ce ta loda manhajar tun farko, don haka sababbin ma'aikatan za su gaji tsohon rubutun, kana ta mamakin me ya hana gyaranka bayyana. Sai dai a aika sigina USR2 ko a yi cikakken sake tayarwa.

Wanda kuma ya bar debug=True na Flask a sabar don kawai ya samu sake lodawar, ya sani ya kunna har da allon binciken kuskure na Werkzeug, wanda ke ba da damar gudanar da umarnin Python daga burauza. Lambar PIN ce kaɗai tsakaninsa da duk mai wucewa a intanet.