Man kanumfari yana kashe ƙwayoyin cuta, amma a bi sannu

Jama'a kwana biyun nan duk inda ka leƙa a kasuwar Maradi sai ka ga 'yan kwalabe, man kanumfari, man na'a-na'a, man itacen turare, mai saidawa na rantsuwa wai maganin komi da komi ne. To akwai gaskiya a ciki amma an ƙara gishiri.

Irin wannan mai mai ƙamshi da tururi ake tatso shi daga tsiro. Na kanumfari kusan kashi 70 zuwa 90 cikin 100 sinadarin yujinol ne, shi ke sa dasashi ya yi dindiris, shi ya sa ma likitocin haƙori ke haɗa shi da wata farar hoda, zinc oxide, su cike ramin haƙori. Na'a-na'a sinadarin mentol gare ta, nobe namu na daji kuma sinadarin fiferiton. Aikinsu shine su kutsa cikin fatar ƙwayar bakteriya su huda ta, abin cikinta ya tsiyaye ta mutu.

Sai dai fa yawancin gwajin a laboratuwar aka yi shi cikin faranti, jikin mutum daban ne, kar wani ya aje antibiyotik ɗin da likita ya rubuta mishi. Tsantsar man nan na ƙona fata, sai an sirka da man zaitun ko na gyaɗa, kuma don Allah kar a ɗura ma yaro, man kanumfari na lalata hanta.