Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da Adda Ta Dawo Daga Kware

Makon jiya na tsaya a inda likita ya sa hannu a takardar sallamar yayata Adda, bayan ta yi wata uku kwance a asibitin masu larurar ƙwaƙwalwa da ke Kware. Na yi muku alkawarin labarin ranar da muka dawo da ita gida. Sau uku ina ɗaukar biro ina ajiyewa, don shekara goma sha biyu na yi ban iya ba kowa labarin ranar nan ba, har mijina. Abin da ya buɗe mini baki wata Ba'amurkiya ce 'yar fim, wadda ban taɓa jin ko sunanta ba sai da ta mutu. Ku yi haƙuri in fara da ita.

A watan Agustan 2024 ne, damina ta yi tsaka. Na taso daga makarantar da nake koyar da Turanci, ruwa ya tare ni a wani shago kusa da Gawon Nama, babu kabu-kabu ko ɗaya a titi. Ina duba Facebook sai na ga labarin rasuwar wata jaruma mai suna Gena Rowlands, tana da shekara 94. An haɗa labarin da guntun bidiyo daga wani tsohon fim nata. Mace ce zaune a tebur, dangi sun kewaye ta. Ba ta ihu, ba ta yaga tufafi. Idonta kawai ke bin fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya, kamar mai neman izinin yin numfashi. Ban san lokacin da na zauna a kan buhun shinkafar mai shagon ba. Wannan kallon na san shi. A tsakar gidanmu na Mabera na fara ganinsa, a 2012.

Autanmu ne ya nemo mini fim ɗin ya tura mini a waya. Sunansa A Woman Under the Influence, ya fito a 1974, kuma mijin jarumar, John Cassavetes, shi ya rubuta ya ba da umarni. Labarin wata matar aure ce, Mabel, mai 'ya'ya uku a birnin Los Angeles. Mijinta shugaban lebarori ne, yana sonta so na gaskiya, amma kunyar halinta ta fi ƙarfinsa. Akwai inda ya kwaso abokan aikinsa da safe bayan sun kwana suna aiki, ta dafa musu taliya, tana ta haba-haba da su, tana tambayar kowa sunansa, tana so kowa ya ji daɗi, har murnar ta wuce inda mutane suka saba. Mijin ya daka mata tsawa a gabansu. Yadda fuskarta ta mutu a wannan daƙiƙar, wallahi sai da na tsayar da fim ɗin na fita tsakar gida.

Haka Adda ta fara. Bayan haihuwarta ta uku, kafin a yi arba'in, barci ya ƙaurace mata. Ta riƙa tashi tsakar dare tana wanke kwanukan da ta riga ta wanke, tana dafa abincin mutum ashirin a gidan mutum biyar, tana rabar da zannuwan lefenta ga duk wadda ta shigo barka. Aka ce iska ce. Na riga na ba ku labarin gidan da aka kai ta a wani ƙauye, da marin da aka sa mata a ƙafa wata biyu, ba zan maimaita ba. Har yau tabon na nan a idon sawunta. A lokacin, dokar da ƙasar nan ke aiki da ita kan masu irin wannan larura ta 1958 ce, gadon Turawan mulkin mallaka, kuma sai a Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a kan wadda ta maye gurbinta. Kawu ne, Allah ya jiƙansa, ya je da motar haya ya ce sai an kwance ta, ya wuce da ita Kware kai tsaye. A can aka ce mana ciwo ne da ke kama wasu mata bayan haihuwa, kuma yana jin magani.

Mu da muka taso da kallon finafinan Hausa mun san yadda ake nuna mai taɓin hankali. Gashi buzu-buzu, tsummokara, gwangwanaye rataye a wuya, yara na bi suna jifa. Sau da yawa ma don a yi dariya ake sako ta. In labarin na tausayi ne, sai a nuna an yi mata sammu, a kira malam ya yi ruƙiyya, ta faɗi, ta farka tana salati, shi ke nan an wuce wurin. Ba na raina addu'a, mu ma ita ta riƙe mu. Amma ban taɓa ganin an nuna abin da ya fi cin rai ba, wato zaman gida bayan an warke: shan ƙwaya kullum, nauyin jiki da yawan barcin da maganin ke kawowa, da idon mutane. A Sakkwato ko faɗa ake yi a kasuwa za ka ji an ce "wanga sai Kware." Sunan garin kansa ya zama zagi, alhali can ne aka dawo mana da 'yar'uwarmu.

A fim ɗin, wata shida Mabel ta yi a asibiti. Ranar da za ta dawo mijin ya tara jama'a cike da gida don tarbarta, daga baya aka sallame su, aka bar dangi na jiki. Ta shigo a sanyaye, tana auna kowace kalma kafin ta furta. Mijin kuma ya matsa mata sai ta saki jiki ta koma yadda take, alhali yadda take ɗin ne ya sa aka kai ta. Ana zaune a tebur sai ta dubi mahaifinta ta roƙe shi ya tsaya mata. Tsohon ya miƙe tsaye a kan ƙafafunsa, yana tambayar me take so ya yi. Uwar ce kawai ta gane abin da 'yarta ke nufi.

Mu tamu ranar Alhamis ce, cikin zafin bazara. Inna ta yi tuwon shinkafa, an dama fura. Kafin motar ta iso, Gwaggo ta sa na kwashe wuƙaƙe da ashana na ɓoye a ɗakin Inna. Mata sun cika rumfa, wasu ko a suna ba su zo ba. Adda ta shigo da sallama, ta rame, hijabin da ta tafi da shi ya yi mata yawa. Ta durƙusa ta gaida kowa da sunansa, ba ta tsallake ko mutum ɗaya ba, kuma na lura tana yi ne a hankali don kowa ya shaida cewa ta gane shi. Ɗanta na biyu ya zo da gudu ya faɗi a gabanta, ya tashi da ƙasa a baki. Ta yi dariya irin ta kowace uwa. Rumfar ta yi tsit. Ta haɗiye dariyar nan take, ta sunkuyar da kai, ta haɗa hannuwanta a cinya.

Jaririyar tana hannun uwar mijin Adda. Adda ta miƙa hannu. Tsohuwar ta gyara goyon ta ce, "Bari dai ki huta tukuna." Bayan la'asar ƙanin mahaifin mijin ya shigo, aka shimfiɗa musu tabarma da Baba a ƙofar ɗaki. Ya yi doguwar addu'a, ya yi godiya ga Allah da ya kawo sauƙi, sannan ya ce sun yi shawara, yara za su zauna wurin kakarsu, ita kuma ta zauna gida "har a ga yadda hali ya yi." Kowa ya san abin da maganar ke nufi. Takardar ta iso bayan kwana tara.

Adda ba ta yi kuka ba. Na tabbata ta san in ta yi kuka za a ce ciwon ne ya tashi. Ta juya ta dubi Baba ta ce, "Baba, likita ya ce na warke. Ka tsaya min." Baba yana jan carbi. Mutum ne mai tsananin kunya da gudun rigima, kuma yana ganin mutanen nan sun yi haƙuri da yawa. Ya ce, "Ki yi haƙuri, diyata. Ki dai riƙa shan maganinki." Ni kuma ina bakin madafa riƙe da faranti, shekarata goma sha tara, na san duk abin da likita ya faɗa don da ni aka yi bayanin, na san ya ce kusantar 'ya'yanta na cikin abin da zai taimaka mata. Ban buɗe baki ba. Wannan shirun nawa shi ne abin da na kasa faɗa wa kowa.

Da na gama kallon fim ɗin sai na shiga neman labarin matar, don ina so in san ko duniya ta ga abin da na gani. Ashe da ƙyar ma fim ɗin ya fito. Masu zuba kuɗi sun ƙi shi, sai da mijinta ya jinginar da gidansu, abokinsu Peter Falk, wanda ya fito a matsayin mijin, ya zuba nasa kuɗin. Da aka gama kuma aka rasa kamfanin da zai rarraba shi, Cassavetes da kansa ya riƙa buga wa masu gidajen sinima waya. Tun farko wasan dandamali ya rubuta, ita ta ce ba za ta iya shiga wannan hali kowane dare ba tare da ta illata kanta ba, shi ya sa aka mayar da shi fim. Ta ci kyautar Golden Globe, an kuma sa sunanta cikin masu takarar Oscar, babbar kyautar finafinai ta Amurka, amma a bikin 1975 Ellen Burstyn aka ba. Ta sake shiga takara da fim ɗin Gloria na 1980, nan ma ba ta samu ba. Sai a Nuwamban 2015 aka ba ta Oscar ta girmamawa, tana da shekara 85, shekara 41 bayan fitowar fim ɗin, mijin nata kuwa ya rasu tun 1989.

Abin ya tsaya mini a rai, har na rasa dalilin da zai sa in ji haushi a kan kyautar da aka raba a Amurka tun ba a haife ni ba. Ba wai masu ba da kyautar na gudun irin wannan rawa ba ne. Sun ba Angelina Jolie a 2000, sun ba Natalie Portman a 2011, sun ba Cate Blanchett a 2014, dukansu a kan fitowa a matsayin mata masu larurar ƙwaƙwalwa. Ban ce ba su cancanta ba. Amma a ganina aikin Gena Rowlands ya fi wuyar yabawa, don ba ya barin mai kallo ya zauna gefe yana tausayi. Fim ɗin ko sunan ciwon bai faɗa ba. Kana kallo kana rasa gane wa ya fi buƙatar likita, ita ko mijin da ke marinta don ta dawo hayyacinta. Duk wanda ya taɓa zama a rumfa irin tamu zai ga kansa a cikin masu kewaye da teburin, kuma ba kowa ke son tafa wa wanda ya nuna masa hakan ba. Mutane da yawa ma ba su san ta ba sai a 2004, da ta fito a matsayin tsohuwa mai ciwon mantuwa a The Notebook, wanda ɗanta ya ba da umarni. Daga baya ciwon mantuwar ya same ta da gaske, ɗan nata ya sanar da duniya 'yan makonni kafin rasuwarta.

Adda tana nan gidanmu na Mabera. Tana ɗinkin hijabai da kayan yara, kuma ita ke kula da Inna yanzu. Duk ranar da aka rubuta mata, da sassafe take shiga motar hanyar Illela ta sauka Kware ta ga likita ta karɓo magani, ba ta taɓa bari wani ya tuna mata ba. Sau ɗaya ciwon ya so dawowa, ita da kanta ta lura barcinta ya ragu, ta ce a raka ta. Shekara goma sha biyu tana wannan aiki, ban taɓa jin wani a danginmu ya ce mata sannu da ƙoƙari ba. In ta yi fushi a ce a lallaɓa ta, in ta yi murna a dubi juna.

Na yi sati biyu ina shawara da zuciyata kafin na kai mata wayar. Bayan isha'i ne, an ɗauke wuta, muna zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, daidai inda Baba ya zauna a waccan ranar. Ba ta jin Turanci, don haka na kunna mata wurin dawowar kawai, ina fassara mata. Tun kafin in ce komai ta matso da fuskarta kusa da wayar.

"Wagga ba ciwon na ba," in ji ta. "Tsoro taka ji, kar su maishe ta."

Da aka zo inda tsohon ya miƙe tsaye, na fassara mata maganar, muryata na rawa. Ta ce in mayar baya. Na mayar. Ta sake kallo har sau uku, ba ta ce uffan ba. Ni ce na fashe da kuka, na ce, "Adda, ki yafe min. Ina tsaye a wurin, na san abin da likita ya ce, ban yi magana ba."

Ta daɗe tana kallona cikin hasken wayar. "Na gan ki," ta ce. "Farantin na rawa a hannunki. Ke yarinya ta, mi za ki ce?"

Sai ta tambaye ni ko matar ta taɓa yin ciwon. Na ce a'a, kwaikwayo ne. Ta girgiza kai ta ce lallai a ba ta lada. Na ba ta labarin kyautar, da shekarun da aka ɗauka.

"Sa'ad da anka ba ta, tana cikin hankalinta?"

Na ce e, da ƙafarta ta hau dandamali ta karɓa, ta yi jawabi.

"To alhamdu lillahi," in ji Adda. Ta miƙo mini wayar, ta ce gobe in zo da wuri, tana so in raka ta ɗakin Baba, akwai maganar da ta daɗe tana son yi da shi.

Abin da ya faru a ɗakin Baba, da yadda babbar 'yarta ta nemo gidanmu da kanta bayan ta gama sakandare, shi zan kawo muku mako mai zuwa in Allah ya kai mu.