Kwalabe uku, ƙwaro ɗaya

Muna aji uku a sashen kare amfanin gona aka ba mu aikin tara ƙwari, kowa ya kawo nasa da sunayensu. Ban wahalar da kaina ba. Gwaggona tana da ɗan lambu a bayan gida, can gefen Zariya: kuɓewa, yakuwa da kunya biyu ta wake. Ganyen kuɓewar duk ya huhhuje ya koma kamar rariya.

Ranar farko da azahar na je, na dawo hannu rabbana. Ina miƙa hannu sai su tsere. Gwaggo ce ta ce, "Ɗan nan, ka zo da asuba, sanyi na kashe musu jiki." Haka kuwa aka yi.

Na jikin waken na raba su kwalba uku bisa launi: masu ruwan ƙasa, baƙaƙe, da masu shuɗin baya. Har ina murna na samu iri uku a kunya ɗaya. Malam ya juye su a faranti, ya duba, ya ce, "Duk Ootheca mutabilis ne. Sunan ma mai sauyawa yake nufi." Na kuɓewar kuwa, da na cusa a kwalba ɗaya saboda duk ƙanana ne, milimita 3 zuwa 4, su ne iri biyu: Podagrica uniformis mai ruwan ƙasa da Podagrica sjostedti mai duhun shuɗi.

Ya miƙo mini madubin ƙara girma, ya ce in bar bayan in dubi ƙafar baya. Cinyar na kuɓewar a kumbure take kamar ta fara, da ita suke tsalle irin na ƙuma. Ta na waken siririya ce; shi in an taɓa ganye sakin jiki yake ya faɗo ƙasa. Ashe na ga wannan bambancin da idona a lambu, ban rubuta ba. Dangin ƙwarin nan duka, wato Chrysomelidae masu cin ganye, sun haura iri 35,000, don haka tun daga ranar nake rubuta shukar da na samu ƙwaro a kai da abin da ya yi da na taɓa shi, kafin in kalli launinsa.

Abin da ya fi damun Malam ba hujin ba ne. Waɗannan ƙwarin suna yaɗa cutar da ke sa ganye ya yi dabbare-dabbare, a kuɓewa da wake duka. Da na koma na faɗa wa Gwaggo, ba ta ko tambayi sunan ba. Ta ja ni wajen wasu kuɓewa biyu da ganyensu ya yi rawaya-rawaya, ta ce in tumɓuke mata su kafin in tafi.