Ai babu wuta, Baba

Ranar Talata muna tsakiyar aiki a Kasuwar Katako ta Jos aka ɗauke wuta. Sai na hango yaron maƙwabcina, bai wuce shekara 19 ba, ya zura hannu gindin zarton injin yana kwashe dusar katako, makunni a kunne, kunnuwansa toshe da abin jin waƙa. Na daka masa tsawa bai ji ba, sai da na fizgo shi ta wuyan riga. Ya dube ni ya ce, "Haba Baba, ai babu wuta."

Abin da na faɗa wa kaina ke nan ranar da na rasa yatsu biyu na hannun hagu.

Lokacin hunturu ne, irin sanyin Jos da yake kashe hannu har ka kasa riƙe ƙusa. Gadon amarya muke haɗawa, ɗaurin aure ranar Asabar, uwar yarinya ta zo sau uku tana kuka. Maigidana ya daɗe da cire murfin zarton, wai yana rage sauri. Da aka ɗauke wuta na ce bari in share ƙasan injin kafin ta dawo. Ta dawo hannuna na ciki. Ban ji zafi ba da farko, jini kawai na gani a jikin katakon.

Na shekara ina cewa laifin maigida ne, kuma har gobe ina ganin yana da kaso. Wa ya taɓa zaunar da ni ya koya mini? Amma makunnin nan bai fi taku ɗaya daga inda nake tsaye ba, kuma na san a kunne yake. Ƙaddara ce, na yarda. Sai dai ni na miƙa mata hannu.

Yanzu akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, NSITF, ke kula da ita, amma a rumfunanmu wa ya yi wa yaransa rajista? In ka ji ciwo, kuɗin magani ne da "Allah Ya sawwaƙe".

Ku matasa masu aikin katako, na so in jero muku abubuwa da yawa, ga waɗanda suka rage. An ɗauke wuta, kashe makunni, zare waya daga bango, sannan ka taɓa injin. Ƙarshen katako da sanda ake tura shi. Kada ka sa safar hannu ko rigar sanyi mai sakakken hannu kusa da zarto, ko sanyi zai kashe ka, domin haƙori ɗaya ya kama zare ya ja hannun duka. Ka bi maganar maigidanka. In ya ce ka yi aiki babu murfi kuwa, ka ƙi, ko da zai kore ka.

Ku kuma da wannan jin waƙa a wayar hannu! Injin yana sauya kuka kafin ya yi ɓarna, da wane kunne za ku ji?

Ban ce wa yaron komai ba, hannuna na buɗe masa. Muna tsaye a wurin aka kawo wuta, zarton ya tashi da kansa.