Tarihin Rayuwata, Fitowa ta 6: Shagon Malam Mai Gafaka

A makon jiya mun tsaya inda na sauke Alƙur'ani, Baba ya ce kiwon awaki ya ishe ni haka, lokacin karatun littattafai ya yi. A 1991 ne, shekarar da aka yanke Jigawa daga Kano, mu mutanen ƙasar Ringim muka wayi gari a sabuwar jiha. Ya ƙirgo kuɗi ya ce in je bakin layin dogo in sayo Ahalari wurin Malam Mai Gafaka.

Shagon soro ne na ƙasa, rufin azara, ƙofarsa gajeriya sai ka sunkuya. Kana shiga ƙanshin jemammiyar fata da na tawada su tare ka. Ta gaba ya jera bugun Kano da bugun Misira, waɗanda kowa ke saye. Can ciki kuwa gafakoki ne rataye har rufi, cike da rubutun hannu. Gara ta sha cinye rumbunan unguwar nan, amma ko takarda ɗaya ba ta taɓa masa ba, mata kuwa ba su bar wannan magana ta kwanta ba.

Yana zaune kan buzu yana fiƙe alƙalami. Na yi sallama na durƙusa.

"Malam, Baba ne ya aiko ni."

Bai ɗago ba. "Jinin Bahago ne kai. Takunku ɗaya."

Bahago kakan Babana ne, ko Baba bai tashi ya gan shi ba.

Ya miƙe ba sanda, ya sauko da wata gafaka da ta yi baƙi don tsufa. Ya zaro takarda ɗaya ya ɗaga ta wajen hasken ƙofa, sai ga tambarin jinjirin wata guda uku a jikinta. Daga baya na san irin takardar nan daga Italiya take, fatake ke kawo ta Kano ta Tarabulus da hamada. Rubutun ajami ne, kowane layi ya ɗan karkata.

"Shekarar yunwa Bahago ya kawo mini ita jingina, na ba shi damin gero. Na ce masa ba zan sayar ba sai wani nasa ya zo fansa."

"Malam, wace yunwar? Ta farin 1973?"

Ya yi dariya har na ga haƙoransa, cif, ba giɓi. "Yaro, lokacin ko jirgin Nguru bai fara wucewa nan ba."

Layin Kano zuwa Nguru a 1930 aka buɗe shi. Yunwar da tsofaffinmu ke ambata kafin nan kuwa ta 1914 ce. Ku yi lissafin da kanku. Ni dai a idona bai haura shekara sittin ba.

Akwai masu cewa ai ɗa ne ya gaji uba, kama ce kawai. Ban ƙi ba, sai dai ba wanda ya taɓa halartar suna ko jana'iza a gidan. Masu cewa aljani ne kuma, a sahun gaba suke tarar da shi kowace Asuba.

Ya miƙo mini Ahalarin, ya haɗa da canji. Sai da na fito na buɗe hannu: kwabo ne mai huji, irin na kafin zuwan naira.

Na kai wa Kaka, matar da ta zauna gidan Bahago tana amarya. Ta juya kwabon, ta ce in rufo ƙofa.

"Ya nuna maka gafakar?"

"Ya nuna mini, Kaka."

"To kada ka gaya wa ubanka. Gobe da sassafe ka ɗebo gero a rumbu, ka ɗaure dami guda, tare za mu je."

Abin da ya faru da muka kai geron, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.