Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Keken Baba Mai Naɗewa

Makon jiya na yi alkawarin yau zan ba ku labarin yadda aka kai kuɗin aurena Kumo. Ku yi haƙuri, sai wani jiƙon. Abin da ya faru ranar Juma'a ya tsaya mini a rai, in ban amayar da shi ba hannuna ba zai rubuta komai ba. Bayan an sauko daga masallaci ina zaune a ƙofar gida ina goge keken Baba, sai ga ɗan yayana Hamma na biyu. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya sunkuyar da kai ya ce, "Bappa, wai in ji Baba, in ka gama hawa a mayar da keken gida, kayan gado ne."

Kayan gado! Yau kuma?

Duk wanda ya san Baba zamanin da yake aikin reluwe ya san wannan keken. Jirgi ya iso Gombe a 1963, ya ƙarasa Maiduguri a 1964, kuma a kan wannan layin Baba ya ƙare ƙuruciyarsa. Da kuɗin Udoji, ƙarin albashin nan na ma'aikatan gwamnati, suka fito a 1975, abokan aikinsa wani ya sayi babur, wani rediyo mai kaset, wani ya ƙara aure. Masu son keke suka sayi babban Raleigh mai sanda, irin wanda ake haɗawa a Kano a lokacin. Shi kuwa Baba sai ya shigo gida da wani ɗan guntun abu mai ƙananan ƙafafu, ba sanda, wanda ya saya hannun wani Bature na gidan gurzar auduga da zai koma ƙasarsu. Dada ta ce har ta rufe fuska don kunya. A unguwa wasu suka ce keken mata ne, wasu suka ce na yara. Baba bai tanka wa kowa ba. Ya kama wani ɗan ƙarfe a tsakiyar keken ya murɗa, keken ya lanƙwashe gida biyu, ƙafar gaba ta dawo kusa da ta baya, ya ɗauka ya jingina a bayan ƙofa. Da shi yake shiga jirgi. In an tsaya a Bajoga ko Buni, abokansa na taka sayyada zuwa cikin gari neman abinci, shi ya warware abinsa ya wuce su yana kaɗa ƙararrawa.

Kowace Juma'a da safe, kafin ya yi wanka, zai ɗauko 'yar gwangwanin man keken ɗinkin Dada, ya buɗe wani ɗan murfi a jikin cibiyar ƙafar baya, ya ɗiga sau biyu ko uku. Sai ya ce, "Abin da ba ka ɗiga wa mai ba, ba naka ba ne." A kan keke yake faɗa, amma ya faɗa a kan gona, ya faɗa a kan zumunci, har ranar da Kawu ya zo ƙarar matarsa ta yi yaji, abin da ya gaya masa ke nan.

Da Allah ya yi wa Baba rasuwa aka zo rabo, Hamma ya ja keken gefensa tun kafin malamai su zauna. Ni aka ba ni adaka da fitilar aiki. Na buɗe baki, Adda ta taka mini ƙafa. Ko wata guda Hamma bai yi yana hawa ba. Giyar wannan keken tana da wani hali: in ba a daidaita 'yar sarƙar da ke fitowa daga cibiya ba, akwai wani gurbi tsakanin giya ta biyu da ta uku inda feda ke juyawa a banza. Hamma ya miƙe tsaye kan feda a Jekadafari, ƙafa ta zarce, ya sha ƙasa a gaban masu shayi. Daga ranar ya ce keken ba shi da albarka, ya cilla shi saman rumfar awaki. Na tafi Kaduna, na dawo, na aurar da 'ya'ya biyu, keken na nan a sama yana shan damina da rani.

Da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 na jingine babur ɗina, don fansho ba zai ɗauki nauyinsa ba. Wata ranar Talata na biya gidan Hamma duba Goggo, na tarar da yaransa a waje da 'yan gwangwan, an rataya keken Baba a sikeli. A sikeli, jama'a, kamar tsohuwar tukunya! Hamma na zaune kan tabarma yana kallo. Na tambayi mai sikelin nawa ya saya, ya faɗa, kuɗin ba su kai na buhun gawayi ba. Na ƙara masa riba na karɓe. Hamma ya yi dariya ya ce, "Kai dai ba ka rabo da kwashe-kwashe." A gaban shaidu ya faɗa, Goggo na ji.

Yaran da ke gyaran keke yanzu duk wanda na kai wa magana ɗaya ce: a kai wa mai walda ya like tsakiyar, a sa ƙafafun keken yara, a huta. To in aka like tsakiyar me ya rage? Sai aka kwatanta mini wani dattijo a bayan Tsohuwar Kasuwa, idonsa ɗaya ya soma hazo. Ya shafa goshin keken da babban yatsa har hoton zalɓen nan na Raleigh ya fito, da sunan garin Nottingham a ƙasa. Ya ɗago ya ce, "Na ɗan reluwe ne wannan. Kai ɗansa ne?" Sai da na juya baya na share ido.

Kwana tara mahaɗin tsakiyar na shan kananzir da baƙin mai kafin ya motsa, kuma dattijon bai yarda an kusance shi da guduma ba. Da muka kankare cibiyar baya sai ga rubutu: Sturmey-Archer, AW, da lamba 74. Ya ce haka kamfanin ke yi, suna buga shekarar da aka ƙera a jikin ƙarfen. Irin wannan keken sunansa Raleigh Twenty, saboda ƙafarsa inci 20 ce, an fara yin sa a 1968. Ni na ɗauka giyar ta mutu. Ya ɗura mata kananzir, ya juya, ya zubar, ya sake, har ruwan ya daina fitowa ja, sannan ya ɗiga mai. Ya murza feda, sai muka ji tik-tik-tik, sautin nan da nake ji tun daga kan kwana in san Baba ya dawo, in ruga in ɓoye ƙwallo. "Abin da ba ka ɗiga wa mai ba," na fara, dattijon ya ce ai shi ma ya sha jin ta a bakin Baba.

Taya ce ta ba ni wuya. Na sayo mai lamba 20 a kasuwa ina murna, ta ƙi hawa. Ashe ashirin ɗin iri biyu ce. Ta kekunan yara faɗin bakinta milimita 406, ta wannan kuwa 451, wadda ake rubuta wa 20 x 1 3/8. Sai da aka nemo mini a Kano wajen masu kekunan gwanjo, bayan mako biyar. Haka kofin da ke riƙe sandar feda: zaren Raleigh 26 ne a kowane inci, na sauran kekuna 24, in ka matsa na kasuwa da ƙarfi ka cinye zaren har abada. Dole tsohon muka wanke, muka sa sabon boris da giris muka mayar. Maiɗakina ta so a yi masa fenti ja, na ƙi. Koren nan da ya koɗe shi na sani.

Akwai lotsawa a madigadin gaba. Dattijon ya ɗauko ƙaramar guduma zai buge ta, na riƙe hannunsa. Wannan ban taɓa faɗa wa kowa ba, amma tunda na ce zan rubuta tarihina, to ga shi. Ina aji huɗu na saci keken Baba yana barcin rana, na gangara da shi wajen tasha. An yi yayyafi, kuma birkin keken nan ba ya kama ƙarfe in ya jiƙe, har yau haka yake. Na daki turken wani mai rake. Na lallaɓo na jingine shi inda yake. Da Baba ya gani, Hamma ya kama, don shi ne babba kuma shi aka sani da ƙiriniya. Ya sha dorina har Dada ta shiga tsakani. Ya san ni ne, ya gan ni ina shigowa da shi, amma bai faɗa ba. Ni ma ban faɗa ba. Wataƙila a ransa tun ranar ya biya kuɗin keken da bayansa. Na yarda da wannan. Amma wanda ya biya da bayansa ai ba ya kai wa sikeli.

To na dawo kan yaron da ke durƙushe. Na shiga ciki na ɗauko 'yar gwangwanin mai, ta Dada ce har yanzu, na ajiye a gabansa. Na ce, "Tashi, ɗana, ba ka da laifi. Ka gaya wa Hamma ina gaishe shi. Ka ce ya zo da kansa. In ya nuna mini ramin da ake ɗiga wa keken nan mai, ya hau abinsa ya tafi." Yaron ya danne dariya, ya ce, "To, Bappa."

Daren Asabar Adda ta kira ni ta yi mini faɗa kusan rabin awa, wai mun tsufa ba mu daina ba, wai me za mu bar wa yara. Na ce ta tambaye shi nawa 'yan gwangwan suka taya. Ta kashe waya. Yau Laraba, Hamma bai zo ba, gwangwanin na nan a kan taga. Keken kuwa na daina barin sa a zaure, naɗe shi nake yi in shigar ɗaki in tura bayan ƙofa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, maganar Kumo.